Katakon da Na Rufe da Kwalta

Zuwa ga ɗana Sama'ila,

Ina gaishe ka da sunan Yesu Almasihu, wanda ya san hanyar da za ka bi tun mota ba ta tashi ba. Ina roƙonsa ya riƙe ka daga ƙofar gidan nan har gadar Tuga, daga can har Koko, har inda za ka sauke jakarka. Ya tsare ka daga direba mai gaggawa da ramin hanya da mugun abokin zama. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ga ta can tana ta ɗaure maka kifin banda sai ka ce za ka ƙasar da ba a dafa abinci. A cikin ƙunshin kifin za ta sa wannan takarda, don ta ce nan za ka fara kai hannu.

Za ka ce tsufa ya kama Baba, ga waya a aljihunsa, ga mu gida ɗaya, amma ya zauna yana rubutu. To, ka yi dariyarka. Bakina ƙusa ya saba riƙewa, bai saba da irin wannan magana ba. Sau uku na kira ka a makon nan, kana zuwa sai in ce ka miƙo mini guduma.

Ina zaune ne a bakin gulbi, ƙarƙashin jirgin da na kifa don gyara. Ruwa ya cika, ya kwanta shiru, balbelu suna bin bakin ciyawa. Can ƙetare wajen Benin hayaƙin masu banda yana tashi a hankali, har mutum ba ya iya raba shi da gajimare. A irin wannan lokaci ne tunani yake kwashe ni.

Ga maganar. Za ka makarantar fastoci, ikilisiya duk ta yi murna, zumuntar mata sun yi guɗa, fasto ya ɗora maka hannu. Ni kaɗai na san abin da ya ɗora ka a kan wannan hanya, kuma ba abin kirki ba ne. Ina so ka ji shi kafin ka rubuta sunanka a makarantar nan.

Shekara ashirin da uku ke nan, mahaifiyarka tana da cikinka wata bakwai, maƙwabcinmu Malam Garba masunci ya ce in yi masa jirgi babba wanda zai riƙa fito da mata zuwa kasuwar ƙetare. Ka san shi tsoho makaho, amma a lokacin ƙato ne, shi kaɗai yake jan taru. Na yi masa alkawarin rana. Ni kuwa a zamanin nan abin da nake taƙama da shi ke nan, cewa Bulus masassaƙi ba ya saɓa rana. Saura kwana biyu, na ɗauko katakon maɗaci na ƙarshe wanda zai zauna a gindin jirgin, sai na ga tsaga a jikinsa, daidai wurin da reshe ya taɓa fitowa. Siririya ce, ko farce ba ya shiga. Na juya katakon, na ƙwanƙwasa shi, kunnena ya gaya mini gaskiya. In na ce zan nemo wani, sai mako biyu. Na dubi hagu da dama, na narka kwalta, na shafe wurin har ya fi ko'ina kyau.

Kuma ka san ƙa'idar aikinmu. Sabon jirgi sai an nutsar da shi a bakin ruwa kwana uku, katako ya sha ya kumbura, duk inda zai yi yoyo ya nuna kansa. Kwana ɗaya na ba shi. Malam Garba ya ce, "Bulus, ba mu bari ya ƙara kwana?" Na ce masa, "Haba Malam, yau ka fara sanin hannuna?"

Safiyar kasuwa ina tsaye a nan inda nake zaune yanzu. Hazon ruwa ya sauko, jirgin ya shiga cikinsa da mata bakwai da kwandunansu, ina jin hirarsu da dariyarsu bayan na daina ganinsu. Har yau in na rufe ido muryoyin nan nake ji suna tafiya a kan ruwa ba tare da mutane ba. Daga nan dariyar ta koma wani abu dabam. Masunta sun tsamo shida da ransu. Ta bakwai ita ce A'i, matar Malam Garba, wadda kullum take aiko wa mahaifiyarka kunun tsamiya saboda laulayin cikinka. Sai a kwana na uku aka same ta a cikin ciyawa.

Kowa ya ce dorina ce ta bugi jirgin. Na yi shiru na bar dorina da laifi.

Sama'ila, duk aikin da hannunka zai kama, wa'azi ne ko sassaƙa, in ka ga tsaga ka faɗa da bakinka tun mutane suna kan tudu. Kunyar cewa "ban gama ba" ta kwana biyu ce. Ni na guje mata, ga shi gemuna ya yi fari ban gama da abin ba.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni haushi, don shi ma wauta ce tsagwaronta. Bayan an yi addu'ar bakwai, abinci ya ƙi shiga, na tashi na je wurin Malam Garba. Na same shi yana ɗinkin taru a ƙofar gida. Na durƙusa na faɗa masa komai, tsagar da kwaltar da kwana ɗayan. Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Na sani, Bulus. Ran da muka jawo jirgin na ga katakon." Na ce to ya yi mini abin da ya ga dama, ya kai ni gaban hakimi, ya tara mutane. Ya ajiye allurar ya dube ni, idanunsa jawur, ya ce, "Kwanan A'i ya ƙare. Kai kuma ka yi ganganci, ba na ce maka ba ka yi ba. Amma na yafe maka, duniya da lahira. Tashi, matarka na da ciki."

Ka san abin da na ji? Fushi. Allah ya sani, fushi na ji. Na zo ne a doke ni, in koma gida da ciwon da zan riƙa dubawa in ce na sha hukuncina. Sai mutumin nan ya sallame ni hannu wofi. Tun daga shekarar, duk Babbar Salla sai ya aiko mana da cinyar ragon layyarsa, ni kuwa ko romon ban taɓa kurɓa ba. Kuna ci ina cewa haƙorina ke ciwo. Ran jibin Ubangiji kuma, da ake rabon gurasa da ƙoƙo a majami'a, in ƙoƙon ya iso gare ni sai in miƙa wa na kusa da ni. Fastoci uku suka yi zamani a nan, kowanne ya tambaye ni, kowanne na ce masa ina shirya zuciyata. Mutane suna cewa dattijo Bulus akwai tawali'u. Ina tawali'un yake? Girman kai ne. Ban yarda a ba ni abin da ban yi wa gumi ba, ko daga Malam Garba, ko daga Allah.

Don haka in an yafe maka, ka karɓa. Ka ce na gode, ka tashi, ka ci naman. Zai yi maka nauyi, na sani, don bayarwa ta fi karɓa daɗi ga mai zafin zuciya irina, kai ma kuma ka ɗebo ta. Amma abin da muke kira alheri ke nan, a ba ka alhali an san ko kai wane ne.

Yanzu na iso wurin da ya shafe ka. Na ajiye biron nan sau biyu na je na duba kwalta a wuta, alhali babu abin da ya same ta.

Saura mako biyu a haife ka, da rana tsaka na shiga majami'a, babu kowa sai jemagu a rufi. Na durƙusa gaban gicciyen katako na ce, "Ya Ubangiji, na ɗauke rai. In abin da ke cikin matata Ladi namiji ne, na ba ka shi a madadin A'i. Ba zai taɓa gizago ba, aikinka zai yi har ya mutu." Da aka haife ka na raɗa maka Sama'ila, na gaya wa mahaifiyarka da ikilisiya cewa wa'adin godiya ne. Aka yi ta sa mini albarka. Ba wanda ya san cewa rai na ɗauka na toshe gurbin wani rai da shi.

Daga nan ka san sauran, don a jikinka aka yi. Yayyenka mata suna wasa, kai kana haddar ayoyi. Kowa "ƙaramin fasto" yake ce maka tun ba ka iya ɗaura wando ba. Ka tuna kana shekara tara, ka tsinci guntun maɗaci a nan wurin aikina ka sassaƙa ɗan jirgi da wuƙar mahaifiyarka? Ka kawo mini da gudu kana haki. Na karɓa na juya shi. Sama'ila, bakin jirgin nan ya tashi daidai, gindinsa ya zauna, ba wanda ya koya maka. Na ga hannuna a hannunka. Na wurga shi cikin gulbi na ce, "Kai na Allah ne, kada in ƙara ganinka nan." Ba ka yi kuka ba. Ka tsaya kana kallonsa yana tafiya, bai kife ba, har ya sha kwana. Ni ma satar kallonsa nake yi.

Kana tsammani kuma ban san inda kake zuwa ran Laraba ba? Na sani sarai, wurin masu gyaran injin jirgi kake zuwa. Masu jiragen inji da ke zuwa daga Benin sun sha tare ni suna yi mini magana da yarensu na Dandanci, wai ɗana daga jin ƙarar inji yake sanin ciwonsa. Nakan haɗe fuska in ce ba ɗana ba ne, kama ce. In na juya baya kuma sai in ji ƙirjina ya cika. Kana dawowa da baƙin mai a farce, kana wanke shi da toka a bayan ɗaki, ni ina yi kamar ina duba awaki.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. In Allah ya ba ka 'ya'ya, kada ka yi wa'adi da ran ko ɗaya. Ka ba da gonarka in kana so, ka ba da ƙarfinka da barcinka. Yaro amana ce aka ba ka riƙo, ba naka ba ne balle ka miƙa.

Za ka ce me ya buɗe mini ido bayan shekarun nan duka. Gara ce ta fara. Ana saura mako biyu Ista aka ga ta cinye gindin gicciyen majami'a, fasto ya ce in yi sabo. Ya kuma ba mu ɗan littafin ibada na makon shan wuyar Ubangiji, shafi ɗaya kowace safiya. Ni karatuna a hankali yake, da yatsa nake bi, don haka nakan zo da shi nan bakin ruwa. Ina karantawa ina fere katako. Aikin ba wuya, katako biyu ne da ƙusa huɗu, amma ya ci mini kwana biyar. In na ɗaga guduma sai in tsaya. Shekara arba'in ina buga ƙusa, na san yadda take shiga, na san ƙarar da take yi in ta sami abu mai taushi. Yesu ma a gidan masassaƙi ya tashi, ya san abin da ke zuwa tun da ya ga an ɗauko ta, amma bai janye hannunsa ba.

Shafin ranar Alhamis yana magana ne a kan cewa hadayar da Yesu ya yi a kan gicciye sau ɗaya aka yi ta, kuma ta isa, ba a ƙara mata komai. Na sha jin wannan, na ma sha faɗa wa wasu. Na rufe littafin na kishingiɗa a inuwar jirgi, iska tana kaɗawa daga ruwa, barcin rana ya ɗauke ni.

Sai na gan ni ina hawan wani tudun yashi a tsakiyar gulbi, ruwa ya kewaye shi fari fat, babu ƙetare babu nan. Kana kafaɗata, kana ɗan shekara tara, amma nauyinka na babban mutum ne. A aljihuna akwai ƙusoshi, ina jin sanyinsu a cinyata. Ina hawa yashi yana zamewa, ina ce maka, "Yi haƙuri, mun kusa." A saman tudun ga gicciyen da nake sassaƙawa, har da alamar gizagona a jikinsa. Da na iso na ɗaga kai, sai na ga da mutum a kai. Na zagaya ta baya, na zagayo ta gaba, ina neman inda zan sa ka. Babu wuri. Ko tafin hannu ɗaya babu. Ban iya duban fuskarsa ba, ƙafafunsa kawai na gani, da ƙurar hanya a jikinsu. Can ƙasa kuma, a bakin ruwa, ga wata mace da kwando a ka tana wucewa abinta, ba ta ko waiwayo ba. Na tsaya da kai a kafaɗa ban san inda zan nufa ba, sai na ji ka ce, "Baba, sauke ni, na iya tafiya."

Na farka gemuna sharkaf da hawaye, akuya tana cin gefen littafin.

Ni ba mai fassara mafarki ba ne, kuma kada ka je makaranta ka ce tsohonka ya ga wahayi, su yi maka dariya. Amma ga abin da na gane da ƙaramin sanina. Shekara ashirin da uku ina tsaye gaban gicciye ina yi masa kallon aikin da ba a gama ba, wai sai Bulus ya kawo nasa katakon ya ƙara. Na ƙara yunwata, na ƙara ƙoƙon da nake ƙi, da ban ga ya isa ba na ƙara ɗana. Ashe raini ne. Wanda ya hau can ya san tsagar, ya san kwaltar, ya ji muryoyin nan a cikin hazo fiye da yadda na ji su, kuma da saninsa ya hau. Wannan bai dawo da A'i ba, bai mai da gangancina ƙaramin abu ba. In da ƙarami ne ai da ba a kai ga ƙusa ba. Amma an riga an ɗauka, ni kuwa na ƙi saki.

Duk da haka ban yi komai ba, ka san taurin kaina. Ista ta wuce, takardar makaranta ta zo, na bar shiri yana tafiya. Sai ranar Asabar da Malam Garba ya sa jikarsa ta jawo shi gidanmu don ya yi maka sallama. Bayan ka fita ya lalubo gwiwata ya ce, "Bulus, yaron ga, shi ya ce yana so, ko kai ka ce?" Na fara kame-kame. Ya ce, "Kai dai ka ishe ni. Shekara nawa ina aiko maka nama kana ba yara? Kana tsammani don ba ni gani ban sani ba? Ni A'i na rasa, ban ce a yanka mini ɗan kowa ba." Ban taɓa gaya masa wa'adin ba. Makaho ne ya gani, mu masu ido muna ta guɗa.

Ran Lahadi da yamma na zaunar da mahaifiyarka na faɗa mata duka. Sannan ta ce, "Baban Sama'ila, ka bar ni shekara ashirin da biyu ina shafa kan ɗana ina ce masa rabon Allah, ashe ragon layyarka nake kiwo." Ba ta ƙara yi mini magana ba sai jiya, da ta ajiye mini tuwo ta ce, "In ba ka rubuta masa ba, ni zan faɗa masa a tasha gaban kowa." Ka san ta, za ta aikata.

Jiya da rana na koma majami'a, wurin da na durƙusa wancan karon. Gwiwoyin ma yanzu da ƙyar suke lanƙwasuwa. Na ce wa Ubangiji ya gafarta mini, na ba shi abin da ba nawa ba, a kan abin da ya riga ya gama. Na ce na janye bakina daga kanka. In yana son ka, ya kira ka da kansa, da muryar da kai za ka ji, ba ta bakina ba.

Saboda haka, ɗana, babu wa'adi a kanka. In ka duba zuciyarka ka ga kana son aikin nan, ka tafi da farin ciki, ka yi wa mutane wa'azin alherin da tsohonka ya yi shekaru yana ƙi, zan fi kowa murna. In kuwa ka ga ba ka so, ka sauka a Koko ka hau motar dawowa. Kada ka ji kunyar zumuntar mata ko fasto. Ni zan tashi ran Lahadi gaban ikilisiya in faɗi dalili tun daga katakon, kunyar tawa ce, ba taka ba. In ma ba ka sani ba tukuna, ka zauna a tasha ka ci kifinka har ka sani, ba mai korarka.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya tsare ka a kan tudu da kan ruwa, ko gaba ka yi ko gida ka juyo. Ka yafe mini in za ka iya, ba kuma sai yau ba.

Saura abu ɗaya. Na koya maka karatu, na zaɓa maka suna, na zaɓa maka hanya, amma tun da aka haife ka ban taɓa yi maka wannan tambaya ba, kuma ina jin tsoron amsarta. Ka kira ni a waya, zan yi shiru in saurara.

Sama'ila, me kake so?

Ni ne mahaifinka,
Bulus